Tambaya da Amsa: Da gaske an ɓoye makamai masu linzami a Pentagon?

Tambaya: Wani mai karatu daga Zariya ya rubuto cewa ya ji ana faɗin wai akwai makamai masu linzami binne a kewayen Pentagon, hedikwatar tsaron Amurka, waɗanda ke kakkaɓo duk jirgin da ya matso ba tare da umarnin kowa ba, kuma wai da gangan aka kashe su ranar 11 ga Satumba, 2001, lokacin da mahara suka sace jirgin fasinja suka afka wa ginin da shi. Yana son sanin gaskiyar maganar.

Amsa: Malam, wannan zance ba shi da tushe, taswira kaɗai ta isa ta rushe shi. Tsakanin Pentagon da filin jirgin sama na Ronald Reagan bai kai kilomita 3 ba, jiragen fasinja na sauka da tashi ta gefen ginin tun safe har dare. Wane mai hankali ne zai kafa makamin da ke harbi da kansa a irin wannan wuri? A Janairun 2020 dakarun Iran sun harbo jirgin fasinjan Yukren bisa kuskure kusa da Tehran, mutum 176 suka rasu, alhali ɗan Adam ne ke riƙe da makamin.

Sannan irin waɗannan kaya ba su ɓoyuwa. Rukuni guda na Patriot, makamin kakkaɓo jirage na Amurka, ya ƙunshi radar, motar ba da umarni, babban janareta, motocin harbi da kan kai takwas, da sojoji kusan 90. Dole radar ta ga sararin sama fili. In aka binne ta ko dogon gini ya tare ta, ta makance. Kuma muddin tana kunne, sigina take watsawa wanda wasu na'urori ke kamawa daga nesa. A Janairun 2023, da Rasha ta ɗora makaminta na kakkaɓo jirage, Pantsir, a kan rufin ma'aikatar tsaronta a Mosko, mutanen gari sun ɗauki hotonsa, duniya ta gani.

Wasu kan ce ai ƙaramin makami ne na saɓawa a kafaɗa, irin Stinger. To a yi lissafi. Zangonsa kusan kilomita 5 ne. Jirgin da ya faɗa wa Pentagon, Boeing 757, yana gudun kimanin kilomita 850 a awa, wato zai cinye wannan tazara cikin daƙiƙa 21. A cikinsu ne sojan zai hango jirgin, ya tabbatar ba mai shirin sauka ba ne, ya sami izini, makamin ya kama zafin injin, sannan ya harba. Ko ya same shi, nakiyar da ke kansa kilo 3 ce kacal. Tana iya lalata inji guda, amma gangar jirgin za ta ci gaba da tafiya inda ta nufa.

Abin da Amurka ke da shi a ranar ba ɓoyayye ba ne. Sansanonin makaman kakkaɓo jirage samfurin Nike da suka kewaye Washington lokacin Yaƙin Cacar Baki an rufe su tun 1974. Jiragen yaƙi 14 ne kawai ke zaman ko-ta-kwana a faɗin ƙasar, hankalinsu kuma na kan maharin da zai shigo daga waje. Maharan sun kashe na'urar da ke bayyana jirgin ga masu kula da zirga-zirga da ƙarfe 8:56. Jiragen yaƙi samfurin F-16 sun tashi daga sansanin sojan sama na Langley, mai nisan kusan kilomita 200 daga Washington, da 9:30, suka nufi teku saboda ruɗanin umarni. Da 9:37 jirgin da aka sace ya daki Pentagon, mutum 184 suka rasa rayukansu ban da maharan. Haƙƙin waɗannan mamata ne a faɗi abin da ya faru yadda ya faru.

Bayan harin ne aka girke motocin Avenger masu ɗauke da makaman kakkaɓo jirage a kewayen Washington a 2002, sannan wani makamin irinsu mai suna NASAMS a 2005, kuma 'yan jarida sun ɗauki hotunansu.

Tambaya: To rufin White House, fadar shugaban Amurka, fa?

Amsa: Ana ganin jami'an tsaro a kai, wannan gaskiya ne. Amma a Satumban 1994 wani mutum ya saci ƙaramin jirgi samfurin Cessna, ya faɗo da shi a harabar fadar cikin dare, har ya daki bangonta, ba a harba masa komai ba.