Amsar Baffa kan maganar barin uwar ɗaki

Uwata,

Saƙonki ya same ni bayan la'asar. Sai da ƙaninki ya kunna min muryar sau biyu, don a karon farko dariya ta hana ni ji. Wai ke da kike Amurka kina koya wa 'yan mata jefa ƙwallo a kwando, ke ce kike tambayar Baffanki ko a al'adarmu ana kai goro in za a bar uwar ɗaki. Uwar ɗakin kuma Baturiya! Na hango ta da ƙwarya a cinya, tana jujjuya goro ɗaya tana tunanin ko dafa shi ake yi.

Da dariyar ta lafa sai jikina ya yi sanyi saboda ragowar maganar. Wata jami'a ta neme ki, albashi ya fi, muƙami ya fi, abokan aikinki kuma sun ce ki yi shiru har ki sa hannu, sannan ki tura mata saƙo a waya, wai haka kowa yake yi. Matar da ta ɗauke ki tun kina ɗaliba, shekara shida kina gefenta. Shi ne kike son jin ko wannan butulci ne.

Kada ki ɗauka ban san aikinku ba. Tun da kika shiga harkar nan na zama ɗan kallo, har gwaggonki tana min tsiya wai tsoho da ƙwallon mata. Na san mataimakiyar koci ce ke kwana kan bidiyon abokan karawa, ita ke yawo gari-gari cikin watan Yuli tana duba 'yan sakandare, ita ke zama da iyaye tana lallashi su ba da 'yarsu, ita ke bin wadda ta faɗi jarrabawa. In an ci, a ɗauki hoton babbar koci. In an sha kashi har aka sallami babbar, ku ma ku tattara komatsanku ba tare da kun yi laifin komai ba. Don haka ba na ganin laifin mai irin aikin nan in ya riƙa leƙen hanya.

Su kansu can ba su tsaya kan magana ɗaya ba. Akwai Chris Dailey, wadda tun 1985 take gefen babban koci Geno Auriemma a Jami'ar Connecticut. Zuwa 2025 kofin ƙasa 12 suka ɗauka, babu ko ɗaya da ba ta wurin, ba ta kuma tafi neman tata kujerar ba. Akwai Holly Warlick, da ta yi wa koci Pat Summitt wasa a Jami'ar Tennessee, ta dawo ta yi mata mataimakiya shekara 27. Da ciwon mantuwa ya kama Summitt ta sauka a 2012, aka ba Warlick kujerar, a 2019 aka karɓe, don duk abin da ta yi da mudun uwar ɗakinta ake auna shi, matar da ta ci wasa 1,098 da kofi takwas. Kim Mulkey kuwa shekara 15 ta yi tana mataimakiya a Louisiana Tech, da ba su daidaita kan tsawon kwantiragi ba ta kama hanyar Baylor a 2000, shekara biyar tsakani ta ɗauki kofin ƙasa. Ga tamu nan Rena Wakama, ita ma mataimakiya ce a jami'o'in can lokacin da aka ba ta D'Tigress, tawagar ƙwallon kwando ta matan Najeriya, a 2023. Ta ɗauko kofin Afirka a Kigali, a 2024 kuma ta kai su zagayen 'yan takwas a gasar Olympics ta Paris, matakin da wata tawagar ƙwallon kwando ta Afirka, ta maza ko ta mata, ba ta taɓa takawa ba. Kin ga mai zama ta samu, mai tafiya ta samu, mai jiran gado ma ta samu sai dai bai yi mata daɗi ba.

Amma ba wannan ya hana ni barci jiya ba. Maigidana na tuna.

Ba na jin babanki ya taɓa gaya miki cewa ni yaron tela ne kafin in zama malamin makaranta. Tun ina aji uku a firamare Inna, wadda kika ci sunanta, ta kai ni shagon wani tela a Tudun Wadan Zariya, don kada in riƙa gantali bayan an tashi. Shekara biyar na yi. Shekarar farko ko keke ban taɓa ba, aikina hura gawayin dutsen guga, sa maɓalli, share ƙyallaye da ɗauko akushin abincinsa daga gida. Sai a ta uku ya bar ni na hau Singer ɗinsa ina kalmasar ƙafar wando. Almakashi kuwa haramun ne. Ya kan ce ɗinki ana farke shi, yanka ba a farke shi.

A ƙarshen 1969, cikin azumi, ga sanyin hunturu, takardar shiga kwalejin horon malamai ta zo min. Na naɗe ta na cusa a aljihu, ban ce masa uffan ba. Tsoro nake ya ce a'a, ko ya ce to amma in ga ransa ya ɓaci, wanda ya fi a'ar ciwo. Haka muka yi ɗinkin Sallah, muna kwana a shago da fitilar ƙwai, muna sahur a akushi ɗaya, takarda tana aljihuna. Ranar jajibere ya miƙo min kaftani da ya ɗinka min cikin dare ban sani ba, da sule biyar goron Sallah. Na karɓa, na yi godiya, na ci gaba da yin shiru. A watan Janairu, watan da aka gama yaƙin basasa, na ɗauki akwatina na tafi. Na bar masa wasiƙa a hannun ɗaya yaron. Da Turanci na rubuta ta, Uwata, don a san na yi boko. Mutumin da ajami kaɗai yake karantawa! Sai da ya nemi wani akawu ya karanta masa a bakin shago, a gaban masu jiran ɗinki.

Hutun farko da na dawo, Inna ba ta ko bari na kwance kaya ba. Ta sayi goro, ta yafa mayafi, ta tasa ni gaba. Duk tsawon hanya kalma ɗaya ta faɗa min, zuwa da kai ya fi aike. Muka tarar da shi ya shimfiɗa farin yadi a kan tebur yana zana da alli. Ya amsa gaisuwar Inna da fara'a, ya sa aka ba ta kujera. Ni kuwa na durƙusa a bakin ƙofa, ko kallo ban ishe shi ba. Ina jin ƙarar almakashi, ƙyas, ƙyas, har ya fitar da gaba, ya fitar da baya, ya fitar da hannuwa biyu. Gwiwoyina suka ƙage. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, gawayin dutsen nan ya mutu. Na tashi da farin wandona na makaranta na hau fifita, toka tana bule min fuska. Ban taɓa jin daɗin aike irin na ranar ba.

Da na kawo dutsen sai ya ɗaga tabarmar da yake sallah a kai, ya zaro wani abu naɗe cikin guntun shadda ya ajiye a kan tebur. Sabon almakashi ne. Ya ce tun ranar da takardata ta zo ya sani, shugaban makarantarmu ya yi masa albishir a masallaci bayan tarawihi. Washegari ya je Sabon Gari ya sayo wannan, yana jira in buɗe baki ya tara maƙwabta a yi fatiha ya sallame ni kamar yadda nasa maigidan ya sallame shi. Wata guda yana kallon aljihuna. Ya ce ai ba a ɗaukar yaro don ya tsufa a shago, amma yaron da ya fita ta taga, ko ya dawo da alheri kunya ba ta barinsa ya shigo ta ƙofa. Inna ta yi ta ba da haƙuri. Shi ya riga ya yafe, ya raba goron, aka yi addu'a. Sai dai babu taro, babu maƙwabta, mu uku ne da ɗaya yaron. Gaskiyarsa kuwa, har ya rasu ban ƙara sakin jiki a shagon nan ba, gaisuwa ce a tsaitsaye in wuce. Abin yana cina har yau.

Shi ya sa wannan magana ta haka kowa yake yi ba ta kwanta min ba. Ku 'yan yanzu kun mayar da waya mafaka. Ta'aziyya a waya, neman aure a waya, har saki an fara turawa a rubuce. Kuma harkarku ƙarama ce, kociyoyin nan duk sun san juna. Kina tsammanin waɗanda suke nemanki ba su riga sun tambayi wani game da ke ba? Wataƙila ita ma tana nan tana kallon aljihunki.

Ko ki tafi ko ki zauna, ban ce komai ba tukuna. Ban san sabuwar kocin ba, ban san shekara nawa suka rubuta miki ba, kin kuma ji abin da ya raba Mulkey da makarantarta, ki karanta takardar da kyau. Ba ki ma gaya min sunan garin ba, balle ko akwai masallaci kusa, ko akwai 'yan gida da za su san in kin kwanta ciwo. Gwaggonki tana nan a kaina wai in tambaye ki ko a sabon garin ne za a samu wanda zai kawo mana namu goron. Na ce ba ruwana, amma kin ji.

Batun goron Baturiya kuwa, bar ni in yi shawara. Na so in ce kilishi, ƙaninki ya ce ba a barin nama ya shiga ƙasar. Ki kira ni ranar Juma'a bayan an sauko, kafin ki sa hannu a komai.

Baffanki