Sayen hoto da 'yar tsana a wurin baje koli: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Na halarci wani baje kolin hotuna a Abuja, na ga hoton marinar Ƙofar Mata ta Kano wanda ya shiga raina, amma kuɗinsa ya ninka na hoton studiyo sau da yawa, kuma a ƙasansa an rubuta 3/10 da fensir. Ya dace in saya? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Malama, wannan lambar ita ce dalilin tsadar. Mai ɗaukar hoton ya yi alkawari cewa kwafi 10 kacal zai wanke a wannan girman, naki kuma shi ne na 3, don haka abin da za ki biya kuɗin alkawarin ne tare da aikin idonsa. Kafin ki miƙa ko sisi, ki nemi sa hannunsa a jikin hoton, da takardar shaida mai ɗauke da sunan aikin, da shekarar ɗauka, da girmansa, da adadin kwafin. Ki kuma tambayi irin takarda da tawadar da aka yi amfani da su, domin bugun shagon kasuwa yakan koɗe cikin 'yan shekaru, alhali wanda aka yi don adana yana daɗewa ƙwarai idan an kiyaye shi.

Ina ƙarfafa ki ki saya idan waɗannan sun cika, domin hoto sana'a ce mai daraja a yankinmu. Tun 1994 ake taron masu hoto na Afirka a Bamako, birnin shahararrun masu hoto Seydou Keïta da Malick Sidibé; shi Sidibé ya karɓi babbar lambar girmamawa a baje kolin Venice a 2007. A nan gida akwai bikin hotuna na LagosPhoto da Azu Nwagbogu ya kafa a 2010, ga kuma hotunan kitso na marigayi J.D. 'Okhai Ojeikere da manyan gidajen tarihi ke adanawa. Mai hoton da kika ga aikinsa ba zai ɗore ba sai da masu saye irinki. Sai dai ki sani cewa mallakar kwafi ba ta ba ki izinin sake buga shi a kalanda ko riga ba. Wannan haƙƙin yana hannun mai ɗaukar hoton. Idan kin kai hoton gida, ki sa shi a firam mai gilashi, nesa da hasken rana da bangon da ke jiƙa da damina, ki kuma tabbata an toshe bayansa saboda ƙurar hunturu.

Tambaya: A wurin irin wannan taro an yi mini tallan 'yar tsanar Labubu, aka ce kuɗinta zai hau. In zuba jari? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Malam, ban ba ka wannan shawarar ba. Kasing Lung, haifaffen Hong Kong, shi ya ƙirƙiri Labubu a 2015, kamfanin Pop Mart na ƙasar Sin kuma yake sayar da ita tun 2019, galibi a rufaffen kwali wanda ba ka sanin wacce ka samu sai ka buɗe. Gaskiya ne an yi gwanjon wata mai tsayin mutum a Beijing a 2025 kan sama da yuwan miliyan 1 na kuɗin Sin, amma wannan ta musamman ce, ba irin ƙananan da masana'anta ke fitarwa da yawa ba, waɗanda farashinsu ke bin yayi. Ga jabu sun cika kasuwa, har an laƙaba musu suna Lafufu. Ta asali haƙora 9 gare ta, kuma kwalinta na ɗauke da lambar tantancewa da ake dubawa da waya. Idan sha'awa ce ta ja ka, ka sayi guda ɗaya daga amintaccen dillali, ka adana kwalin da rasit, amma kada ka taɓa kuɗin makarantarka.