Wace Marsandi ce ta fi shahara a tarihi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A majalisarmu kullum gardama ake kan Marsandi. Abokina ya kafe cewa G-Wagon ce sarauniyarsu, ni kuma na ce ba a taɓa yin kamar V-boot ba, irin wadda marigayi mahaifina ya hau shekara da shekaru. Don Allah a raba mana wannan gardama: waɗanne ne fitattun motocin kamfanin nan? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya sa ya huta. Abin da ya hana gardamarku mutuwa shi ne kowannenku da mudun da yake awo. Abokinka tsada yake dubawa, kai kuma juriya. Ni da na tsufa a ƙarƙashin mota na fi karkata wajenka, amma bari in bi da kai ta hanyar da na bi.

Asalin abin yana garin Mannheim na Jamus, inda Carl Benz ya yi wa motarsa mai taya uku rajista a watan Janairun 1886. Ƙarfin injinta bai kai doki ɗaya ba. Matarsa Bertha ce ta fitar da shi kunya a 1888, da ta kwashi 'ya'yanta biyu ta tuƙa motar fiye da kilomita 100 zuwa Pforzheim, ta tsaya a kantin magani ta sayi man da za ta ƙara. Sunan Mercedes kuwa na 'yar wani dillali ne, Emil Jellinek, wanda aka laƙaba wa motar kamfanin Daimler ta 1901. Sai a 1926 kamfanonin biyu suka haɗe.

In maganar kuɗi ce, G-Wagon ma ƙanwa ce. A 2022 an sayar da 300 SLR Uhlenhaut ta 1955 a kan Yuro miliyan 135, kuma guda biyu kacal aka taɓa ƙerawa. 'Yar'uwarta da aka fi sani ita ce 300 SL ta 1954, mai ƙofofin da ke buɗewa sama kamar tsuntsu ya ɗaga fukafukai. Mutane na ɗauka ado ne, alhali dole ce ta sa. An gina ƙashin motar da siraran bututun ƙarfe da suka taso har gefe, babu inda ƙofa irin ta kowa za ta zauna. Har sitiyarinta sai an karya shi ƙasa kafin direba ya zura ƙafafunsa. Guda 1,400 aka yi. Akwai kuma 600, wadda aka ƙera daga 1963 zuwa 1981, motar sarakuna da shugabannin ƙasa, har Fafaroma ya hau. Gilasanta da kujerunta da ƙarfin mai suke motsi, shi ya sa in bututu ɗaya ya fara yoyo sai mai gida ya dafe kai. Guda 2,677 ne duka.

Waɗannan duk na kallo ne. Wadda ta amfani kowa, har wanda bai taɓa shiga Marsandi ba, ita ce S-Class. A jikinta Marsandi ta fara sa birkin ABS a 1978, wanda ke hana taya ƙamewa in an taka birki da ƙarfi. A 1981 ta zo da jakar iska a sitiyari, a 1995 kuma da na'urar da ke hana mota juyawa a kwana. Yau ƙaramar motar haya ma tana da su.

To, ga inda nake son ka ja kujera. A ganina motar da ta gina sunan Marsandi a Afirka ita ce W123, wato su 200 da 230 da 240D da 300D, da aka yi daga 1976 zuwa 1986, kusan miliyan 2.7. Da ta fito, layin jira a Jamus ya yi tsawon da wadda aka ɗan hau ta fi sabuwa tsada, don mai saye ba ya son jira. Ba ta da gudu. 240D doki 65 ta fara da shi, in ka taka totur sai ka yi haƙuri kamar mai jiran tuwo ya nuna. Amma injin gas ɗinta, da zarar ya tashi, ba ruwansa da batir. Na sha ganin mutum ya zo gareji hankali a tashe, ya zare makulli yana riƙe da shi a hannu, mota kuma tana ta kaɗawa abinta. Ba aljanu ba ne, tiyon iska ne ya tsage, domin da zuƙar iska ake kashe injin. Sai ka ɗaga bonet ka danna ɗan ƙarfen da aka rubuta wa STOP, ta yi shiru. A Maroko irin waɗannan motoci sun yi shekara da shekaru suna jigilar fasinja tsakanin garuruwa. Tsatsa ce kaɗai ke cin su da yaƙi, musamman wajen da ake kafa jak.

Ta mahaifinka, W124, ita ta gaje ta a tsakiyar shekarun 1980. Mu ne nan Najeriya muka raɗa mata V-boot, saboda yadda murfin but ɗinta ya tsuke tsakanin fitilun baya. Ka tuna waifarta? Guda ɗaya ce tal, tana miƙewa in ta doshi kusurwa ta dawo ta tsuke a tsakiya, tana share kashi 86 cikin 100 na gilashin. Ƙafar bayanta hannuwa biyar ne kowane gefe, dabarar da aka fara a ƙaramar 190 ta 1982, shi ya sa take kwanciya a titi ko da an loda ta. Cikin wannan gida ne aka haifi 500E mai silinda takwas, wadda kamfanin Porsche ya taya haɗawa. A 1993 aka fara kiran jerin E-Class.

Ita kuwa G-Wagon ta abokinka ba a banza take ba. Tun 1979 ake haɗa ta a Graz ta ƙasar Ostiriya, kuma don soja da aikin daji aka yi ta, daga baya ta samu makullai uku da ke ɗaure tayoyi su juya tare in an shiga caɓi ko yashi. Kujerun fata da ƙarar injin AMG, sashen Marsandi na motoci masu gudu, su ma daga baya suka zo. Yawancin masu ita a yau ba su taɓa danna maɓallan nan uku ba. (In da direban babbar mota a majalisarku, zai ce duk kun ɓata, 911 mai gajeren hanci ce Marsandi, wadda ta yi dakon gyaɗa da shanu da mutane. Shi ma ba zan musa masa ba.)

Hukuncina: a suna da tarihi 300 SL, a fasaha S-Class, a aiki W123, V-boot na bin ta a ƙafa. G-Wagon ta shiga biyar ɗin farko, amma ba ta hau kujerar sarauta ba. In kuma kewar motar Baba ta sa kana neman V-boot, ka duba wayoyin injin na waɗanda aka yi wajen 1992 zuwa 1996. Robar da aka naɗe su da ita tana ruɓewa da zafi. Ka sa bakanike ya ɗan lanƙwasa waya ɗaya a gabanka. In ta marmashe kamar busasshen ganye, ka cire kuɗin sabon saiti daga farashin tun kafin a yi sallama.