HD DVD ko Blu-ray: wanne zan saya, kuma ko ya cancanci kuɗin?

Tambaya: Malam, ina da na'urar DVD da faya-fayai masu yawa. Na sayi sabuwar talabijin, sai na ga na'urori biyu na hannu a wajen masu kayan gwanjo, ɗaya an rubuta mata HD DVD, ɗaya Blu-ray. Mai shago ya ce duk ɗaya ne, kuma HD DVD ta fi araha. Me za ka ce?

Amsa: Ba ɗaya ba ne, ɗan'uwa, kuma arahar nan tana da dalili. A 2006 aka fito da su biyun, kowanne na neman gadon DVD: Toshiba ce ke bayan HD DVD, Sony da ƙawayenta ke bayan Blu-ray. Dukansu suna karanta faifai da shuɗin haske mai siririn baki maimakon jan hasken DVD, shi ya sa suke cusa bayanai da yawa a faifai mai girma ɗaya. DVD na ɗaukar gigabait 4.7 a shimfiɗa guda, HD DVD 15, Blu-ray 25. Amma ba wannan kaɗai ya raba gardama ba. Sony ta saka Blu-ray cikin PlayStation 3, duk wanda ya sayi wasan ya shigo da na'urar gidansa ba tare da ya nema ba. A Janairun 2008 kamfanin finafinai na Warner ya ce ya koma Blu-ray kacokan, a Fabrairu Toshiba ta miƙa wuya. Tun daga shekarar ba a ƙara fitar da manyan finafinai a HD DVD ba. In ka saye ta, DVD ɗinka kawai za ta riƙa karanta maka, aikin da tsohuwar na'urarka take yi.

Saura Blu-ray. Hotonta layi 1080 ne, na DVD a tsarin ƙasashenmu 576, kuma bambancin na gaske ne. Sai dai ido ba ya kama shi sosai a ƙaramar talabijin daga can ƙarshen falo. Sai allon ya kai inci 40 ko fiye, an kuma haɗa da wayar HDMI. In da wayoyin nan ja, fari da rawaya za ka haɗa, ka yi asarar kuɗinka.

Babbar matsalar ita ce faifan. Waɗanda ake sayarwa a bakin titi da tambarin Blu-ray a bango, fim goma ko ashirin a faifai ɗaya, DVD ne zalla, an matse hoton har ya lalace. Na asali tsada gare shi, samunsa ma aiki ne. Finafinan Hausa kuwa daga VCD da DVD suka tsallaka YouTube da manhajoji.

Akwai kuma kulle na yanki. Afirka da Turai suna yankin B, Amurka tana A, na'urar da ta fito daga can na iya ƙin faifan da aka yi wa Turai, kuma wasunsu wuta mai ƙarfin volt 120 suke sha alhali tamu 230 ce. Duba bayanta kafin ka biya.

Idan kana da hanyar samun faifan asali, ɗauki Blu-ray, za ta karanta tsofaffin DVD ɗinka ma. In ba ka da ita, riƙe wadda ke hannunka, ka sa kuɗin a data.