Ga ƙanwata mai tambayar sashen da za ta kama bayan difilom

Wa alaikumus salam ƙanwata. Barka da kammala karatu, Allah ya sa albarka a difilom ɗin. Na karanta tambayarki: kin gama karatun jinya bana, ƙawayenki na cewa ki nemi aikin tamowa wurin ƙungiyoyin agaji don can kuɗi suke, ke kuma zuciyarki na wajen ɗakin tiyata, Baba kuma yana son ki zauna matarnite a cikin garin Maradi kusa da gida. Kina son a faɗa maki wanne ya fi.

Na daɗe a aikin nan, na yi karkara na yi birni, kuma shawarata ita ce kada ki yanke hukunci bana. Abin da kika gani lokacin istaj, wato koyon aiki a asibiti, bai isa ki zaɓi sashe da shi ba. Ɗaliba tana zuwa da safe, ta tsaya bayan majo, wato shugaban ma'aikatan jinya na sashe, a nuna mata, azahar ta tafi gida. Sashe kuwa ba ya nuna ainihin halinsa sai ƙarfe uku na dare, ranar da kike gardi ke kaɗai, lokotoro yana gida, ga uwa tsaye kanki tana cewa yaron ya daina motsi. Ki ba kanki shekara biyu kina aikin komi da komi, a CSI, wato ƙaramin asibitin gari ko ƙauye, ko asibitin gunduma, kuma ki tabbata damina ɗaya cur ta same ki a sashen yara. Bayan nan ki zaɓa.

Bari in daɗe kan yara, don nan ne aikin jihar nan yake. Duk wanda ya yi jinya a Maradi ya san yadda shekara take juyawa. Lokacin zafi ana fama da sanƙarau da ƙyanda. Ruwa na sauka, rumbu ya riga ya yi ƙasa, sauro ya tashi, sai masassara da tamowa su haɗu kan yaro ɗaya. Daga Yuli zuwa Oktoba gadajen CRENI, inda ake kwantar da yara masu tamowa mai tsanani, ba sa isa, a Madarunfa, a Gidan Runji, a Dakwaro, a Tasawa, ko'ina labarin ɗaya ne. Tun yunwar 2005, lokacin da ƙungiyar likitocin MSF ta yi jinyar dubban yara a nan, aka sauya yadda ake aikin: yaron da ke iya cin abinci a ba uwarsa abincin gyaɗa mai gina jiki da ake kira Plumpy'nut ta koma gida, ta riƙa kawo shi awo kowane mako, wanda ya ƙi ci, ko ya kumbura sosai, ko wata cuta ta hau kai, shi ake kwantarwa. Daga 2006 kuma gwamnati ta ce jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ce, mata suka ƙara fitowa. An zo da maganin rigakafin masassara da ake rabawa gida gida wata wata a damina, ya rage, amma bai kwashe layin ba.

Abin da za ki koya a can, babu sashen da zai koya maki shi da sauri haka. Ki ɗaura ma'aunin damtse, ya faɗa ja, ƙasa da milimita 115. Ki nemi jijiya a hannun da bai fi yatsunki biyu kauri ba, fata ta saki, uwa na kallonki. Ki san cewa yaron tamowa ba a ɗura masa ƙarin ruwa ta jijiya yadda ake yi wa sauran yara, don zuciyarsa ta raunana, ruwan da zai ceci wani shi zai iya kashe shi. Madarar F-75, wadda ake fara jinyar yaron tamowa da ita, ana ba da ita kaɗan kaɗan, dare da rana, kuma ta daren ita ce mai wuya: uwa ta gaji ta yi barci, yaron ya yi sanyi, sukarin jininsa ya faɗi, ba kuka ba motsi. Ma'aikaciyar da ke zagayawa tana taɓa ƙafafun yara da tafin hannu, tana tada uwa a hankali, "Baiwar Allah, tashi ki rungume shi a ƙirji, ga madararsa", ita ce ke sa a wayi gari da shi. Ba na'ura ba ce ke yin wannan. Kuma za ki ga rasuwa, ba sau ɗaya ba. Akwai waɗanda ke iya naɗe yaro a zane su miƙa wa kaka, su yi mata gaisuwa, su wanke hannu su wuce gado na gaba da zuciya ɗaya. Akwai waɗanda abin ke bi har gida, su kasa cin tuwo. Duka mutanen kirki ne, amma gara ki san ko wacece ke a cikinsu tun kafin ki ɗaura wa kanki shekara ashirin.

Maganar kuɗin ƙungiyoyi gaskiya ce, suna biya fiye da gwamnati, kuma wurinsu akwai kayan aiki da horo mai kyau. Sai dai yawancin kwangilar ta ƴan watanni ce, wasu ma ta damina kawai. Ranar da mai ba da kuɗi ya janye, aiki ya tsaya. Kowa ya ga abin da ya faru a 2025 da Amurka ta yanke tallafinta. In kin samu ki shiga, ki kwashi ilimi, amma takardunki na neman aikin gwamnati su kasance a shirye, kuma kada ki ɗauki bashin da sai albashin furoje zai biya.

Tiyata da kike so, ban hana ki ba, hasali ma ina murna, don mata sun yi kaɗan a can. Amma ki san abin da kike so ɗin. Likitocin sa barci ƙalilan ne a ƙasar nan, akasarinsu a Yamai, saboda haka a asibitin gunduma ma'aikacin jinyar da ya ƙaro karatu shi ke riƙe da numfashin mutum. An kawo mace daga ƙauye a amalanke, kwana biyu tana naƙuda, jini ya zuba, ke za ki yi mata allurar baya, ke za ki zuba ido kan awon jininta yana sauka, ke za ki san abin yi cikin minti ɗaya. Aiki ne na mai sanyin kai da son lissafi, wadda ba ta ƙosawa da duba kaya ɗaya bayan ɗaya kafin a fara. Ba hira da majinyaci, ba sabo da dangi. Ya zo a galabaice, ya tafi bai san fuskarki ba. Waya kuma ba ta kashewa, ranar salla ma ana iya kiranki. Sannan sai kin koma makaranta, kuma wadda ta riga ta yi aikin gaggawa da na yara ta fi jin daɗin karatun nan nesa ba kusa ba, don ta saba ganin mutum yana lalacewa kafin na'ura ta yi ƙara.

Matarnite filin sajfam ne, wato ungozomomin asibiti, karatunsu daban. In haihuwa ce ta kama ranki, ki yi tunanin komawa ki yi nasu. Amma kada ki ɗauka za ki tsere mata: a CSI na karkara, dare ya yi, wanda ke gardi shi ke karɓar haihuwa, ko me aka rubuta a difilom ɗinsa. Ki koyi gane jijjiga da zubar jini, ki san lokacin da za ki daina jira ki tura mace gaba. In kina son ganin abin da jinkiri ke jawowa, ki nemi izini ki leƙa cibiyar masu yoyon fitsari ta Danja, nan kusa kan hanyar Ɗan Isa. Gani ya kori ji.

Akwai kuma sassan da ba wanda ke rububinsu, alhali mutane na buƙata: ido, inda ake koya wa ma'aikatan jinya aikin gyaran gashin ido na masu amodari, da sashen masu taɓin hankali, da na hawan jini da ciwon sukari da ke ƙaruwa a cikin gari. Waɗannan sun fi sauƙin gardi, kuma majinyacinki naki ne shekara da shekaru, har ki san sunayen jikokinsa.

Batun Baba kuwa, kada ki ɗauke shi wasa, kuma kada ki yi masa gardama a tsaye. Tsoronsa na uba ne: ɗiya budurwa, ƙauye, dare, ga rashin tsaro a wasu garuruwan bakin iyaka. Yana da gaskiya a nan, ba kowane wuri zan ce ki je ba. Amma akwai CSI da asibitocin gunduma da ke bakin kwalta, inda za ki iya zuwa gida ƙarshen mako. Ki samu wata babbar ma'aikaciya da yake ganin girmanta, ku je tare ta yi masa bayani. Haka in maganar aure ta taso, a faɗi zancen gardi a fili tun kafin a sa rana. Na ga ma'aikata masu hannu sosai da suka ajiye farar riga saboda ba a yi wannan maganar da wuri ba, abin yana ba ni takaici har yanzu.

Kafin a tura ki wani wuri, ga abin da za ki iya yi tun wannan makon. Ki je wurin majo na sashen yara da na gaggawa, ki roƙa a bar ki kina bin gardi a matsayin mai sa kai. Ki riƙe ƙaramin littafi, duk safiya ki rubuta abin da kika yi da hannunki da abin da ya tsorata ki. Ki tambayi waɗanda suka haura shekara goma a kowane sashe yadda barcinsu yake, da wa ke riƙe masu yara ranar gardi, don su ne za su faɗa maki abin da ba a faɗa a makaranta. In kin fara, ki dawo ki ba mu labarin inda aka sa ki, sai mu ga wanda muka sani a can da zai riƙe hannunki. Ki gaida Baba da Inna.