Ku Tambaya: Direba biyu sun ƙone mini, laifin moter ne ko na taransfo?

Wasiƙar farko ta wannan wata daga Tawa ta zo, kuma ita za ta ci yawancin filin, don na san ba shi kaɗai ba ne abin ya sama.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ina gajiya, ya aiki ya zahi. Ni kafinta ne nan Tawa, ƙyamare da gadaje nike yi, bara na haɗa ɗan injin sassaƙa na CNC, irin mai aiki da umarnin kwamfuta, da hannuna don in riƙa zanen hure bisa kan gado da jikin ƙohwa. Moter ukku na sa NEMA 23, kowane an rubuta mishi 2.8A da 2.5mH, direbobin kuma, wato 'yan akwatunan da ke ba kowane moter wuta da umarnin motsi, DM542 ne. Wani abokina da ya tahi Yamai ya samo mini taransfo a Katako mai hidda bolt 36, na duba jikin direba na ga an sa 20 zuwa 50 sai na ce to ai 36 tsakiya take ba matsala, na haɗa da diyod da kondansater yadda aka gwada mini. Kwana huɗu injin shina aiki lahiya lau, rana ta biyar da sassahe ina tsaida shi sai na ji ɗas, direban moter na layin X ya yi wari. Na sayi wani na sa, sati bai cika ba na Y ya bi shi. Yanzu wallahi tsoron kunna shi nike. Wai moter ɗin ne sunka hi ƙarhin direba, ko mi ya kawo wanga abu? Daga wani kafinta, Tawa.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da asara, Allah ya mayar da alheri. Moter ɗinka lafiyarsu ƙalau kuma sun dace da DM542, kar ka taɓa su. Taransfon ne, ko in ce lissafin da aka yi masa.

36 ɗin da ke rubuce a jikin taransfo wutar AC ce, mai kai da komo, ita kuwa 20 zuwa 50 ta jikin direba DC ce, miƙaƙƙiya irin ta batir, kuma ba ma'auninsu ɗaya ba. Da zarar wutar ta ratsa diyod ta shiga kondansater, shi kondansater ba ya tsayawa kan 36, cika yake har ƙololuwar igiyar wutar, wato 36 sau 1.414, ka cire kamar 1.4 da diyod ke ci, ka ga an tashi wajen bolt 49.5. Kenan tun ranar farko direbobinka a bakin rijiya suke tsaye. To kuma taransfo in ba ya ɗauke da kaya yakan ɗan haura abin da aka rubuta masa, sannan wutar gari da muke cewa 220 ba kullum take 220 ba, tsakar dare da sassafe lokacin da mutane suka kashe kaya takan hau, in ta hau da kashi 10 cikin ɗari kawai kai kana da 54 ko fiye. Shi ya sa ban yi mamaki ba da ka ce da sassafe na farko ya tafi.

Akwai kuma abu na biyu da ka faɗa da bakinka ba ka lura ba, ka ce kana tsaida shi. Moter mai taku irin naka in yana gudu da nauyin gadar injin da kan sassaƙar da take ɗauke da shi aka ce tsaya, na ɗan lokacin nan janareta yake komawa, ya turo wuta baya ta cikin direba zuwa kondansater, bolt ya yi tsalle. Wanda ya bar rata wannan tsallen ba ya yi masa komai. Kai ba ka da ratar ko ta bolt ɗaya.

Yanzu ga yadda zan yi in ni ne. Akwai ƙa'idar da kamfanin Geckodrive na Amurka ya yaɗa, masu haɗa injin a gida sun daɗe suna aiki da ita: ka ɗauki mH na moter, wato ma'aunin naɗin wayarsa da ke rubuce a jikinsa, ka fidda tushensa, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka shi, ka ninka da 32, shi ne iyakar bolt da moter zai ɗauka ba tare da ya yi zafin banza ba. Naka 2.5 ne, tushensa 1.58, sau 32 ya ba da kamar 50. Moter ya yarda da 50 amma direba nan ne rufinsa, don haka mu sauko mu zauna tsakanin 32 da 40. Taransfo mai 28 zai ba ka wajen 38, ko wuta ta hau ba za ka wuce 42 ko 43 ba. Mai 24 ya fi sauƙin samu kuma zai ba ka 32 da ɗoriya, gudun injin zai ɗan ragu in ana tafiyar sauri, amma a aikin katako ni ban ga abin damuwa ba, bakin sassaƙar ma ba zai bar ka ka yi wannan gudun ba. Kuma kar ka yar da na 36 ɗin tukuna, duba ko wayoyi uku ne ke fita, in 18-0-18 ne to rabi ɗaya zai ba ka kamar 24 DC, injin zai motsa ka rage aikin mutane kafin ka samu wanda ya dace. In kuwa waya biyu ce, kai shi wajen masu naɗin moter da fanka su warware maka zagayen waje kaɗan kaɗan kuna aunawa da mita har ya sauka 28, abin da za a cire ya ɗan fi kashi ɗaya cikin biyar.

Batun amfer kuma mutane na yawan sayen abin da ya fi buƙata. Ba sai ka tara 2.8 sau uku ka nemi 8.4 ba, direba yankan wutar yake yana ba moter daidai cikinsa, abin da yake ja daga taransfo bai kai abin da ke yawo cikin moter ba, kashi biyu cikin uku ya isa, wato 5.6. Taransfo mai 300VA ya ɗauke wannan da sauran numfashi. Kondansater kuma lissafinsa 80,000 sau amfer a raba da bolt, naka ya kama kusan 12,000µF, ka sa biyu masu 6,800 gefe da gefe, ƙafar + da ta +, ƙafar − da ta −, kuma su zama na bolt 63, ba na 50 ba. Don Allah duba jikinsu ka ɗauki masu 105°C ka bar masu 85°C, ka fi ni sanin yadda shago mai rufin kwano ke zama a Tawa cikin Afrilu da Mayu, kuma kondansater irin wannan duk ƙarin zafi na digiri 10 rabin ransa yake ci. Na tsohuwar rediyo ko amfuli da aka ciro a kasuwa, in ka ga kansa ya kumbura ko gindinsa ya yi tsatsa bar musu kayansu. Diyod ɗin ka sayi mai murabba'in nan na ƙarfe KBPC3510, ba shi da tsada, ka ɗaure shi da kusa mai zare a jikin farantin alminiyom ko bangon akwatin don ya sha iska.

Abubuwa uku ƙanana da ba na son ka tsallake. Fis ya zauna ɓangaren 220 kafin taransfo, 2A mai jinkiri wanda aka sa wa harafin T, don taransfo yakan fizgi wuta da ƙarfi lokacin kunnawa, mai saurin yankewa zai yi ta mutuwa har ka gaji ka ɗaura masa waya, daga nan kuma ba ka da fis. Makunni shi ma can ɓangaren 220, kar ka sa shi tsakanin kondansater da direba. Sai rezistans 2.2k mai wat 5 a ƙetara ƙafafun kondansater, shi ke zuƙe wutar bayan an kashe, cikin minti biyu ta sauka, in babu shi wutar na nan kwance, na taɓa ganin bakin sukurdireba ya ci rami saboda yaron shago ya gitta shi bayan an kashe inji da daɗewa. Kowane direba kuma ka ja masa wayoyinsa biyu tun daga kondansater, kar ka yi sarƙa daga wannan zuwa wancan. Akwatin in na ƙarfe ne a haɗa shi da wayar ƙasa, a sa fanka, a bakin fankar a sa ɗan soso ko yadi, don garin katako da ƙurar hunturu in suka kwanta kan direba kamar ka lulluɓe shi da bargo ne.

In ka ga duk wannan ya yi maka yawa, akwai akwatin wuta haɗaɗɗe irin Mean Well LRS-350-36, bolt 36 DC tsayayye da amfer 9.7, shi 36 ɗinsa 36 ce ta gaske ko wutar gari ta ɗan yi sama da ƙasa. Sai dai a gefensa akwai ɗan maɓalli na 115 da 230, tabbatar yana kan 230 kafin ka sa a soket, kuma kasuwa cike take da masu kama da shi marasa nauyi. Ni dai a garin da wuta ke fizga na fi natsuwa da taransfo, ƙarfe ne da tagulla, kuma in ya lalace akwai mai gyaransa a unguwa. Ko wanne ka zaɓa, kafin ka haɗa direba ko ɗaya, kunna shi shi kaɗai ka sa mita kan DC ka auna da rana, ka sake aunawa da asuba. In ka ga ya wuce 45 kar ka haɗa.

TAMBAYA: Baba ina wuni. Ni ɗaliba ce a Yamai, ina haɗa ƙaramin inji da Arduino Uno da A4988 da moter NEMA 17 guda uku don zanen suna a allunan roba. A takardar moter an ce 2.8V, ni kuma cajar laftof kawai gare ni mai 19V 4.74A, ba zai ƙone su ba?

AMSA: Lafiya lau ƴata, Allah ya yi albarka, na ji daɗin wannan tambaya. Ba zai ƙone ba. 2.8 ɗin nan bolt ne da moter zai buƙata in da za a haɗa shi kai tsaye yana tsaye cik, amma tunda akwai direba a tsakani shi ke tsare amfer, ƙarin bolt ɗin kuma shi ke sa wuta ta cika naɗin da sauri a kowane taku, kin san taku 200 yake yi kafin ya zagaya sau ɗaya. A4988 na karɓar 8 zuwa 35, kin ga 19 ta zauna daram. Aikin da ke gabanki shi ne ɗan sukurun da ke kan kowane direba. Duba ƙananan rezistans biyu na kusa da cif ɗin, in R100 aka rubuta, ki murɗa a hankali har mita ta nuna 0.8 tsakanin kan sukurun da ƙafar GND, amfer 1 kenan, ki tsaya nan, ki manna masa ɗan alminiyom ɗinsa ki sa fanka. Kar ki taɓa zare wayar moter alhali wuta na kunne, nan take direban na iya mutuwa. Moter mai juya bakin zanen kuma ki nemo masa tasa wutar daban.

TAMBAYA: Malam muna da fano na hasken rana da batir huɗu na 12 a jere, 48 kenan, zan iya ba DM542 kai tsaye in huta da ɗaukewar wuta? Sannan ina da taransfon tsohon makirowef, zai yi? Daga wani mai walda, Yamai.

AMSA: Maigida duka biyun a'a. Batir huɗun nan 48 suna ne kawai, da rana in caji ya kama suna kaiwa 57 da ɗoriya, ka ga ka wuce 50 nesa, abin da ya sami kafintan Tawa shi zai same ka, kuma tun ranar farko. Batir biyu na 12 a jere, 24 kenan, da ke kaiwa 28.8, wannan ya yi, amma su zama nasu daban, kar ka tsotsa daga tsakiyar huɗun don biyu za su riga biyu mutuwa, kuma ka sa fis dab da kan batir. Taransfon makirowef kuwa ina roƙonka da girman Allah ka bar shi, wajen bolt 2,000 yake fiddawa da amfer mai yawa, taɓawa ɗaya ta isa ta kashe mutum, kuma ka ɗauke shi daga inda yaran shago za su gani su ce bari su gwada.