Kat-kat ɗina ba ta tashi da safe: babban famfo ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da Land Cruiser HZJ75 mai shan gazuwal, ina jigilar kaya da ita tsakanin Maradi da Dakoro. Tun da hunturu ya shigo, da safe sai na yi ta murza makulli har batir ya kusa mutuwa kafin ta kama, ta kuma turnuƙe gida da farin hayaƙi. In ta tashi shi ke nan, yini guda lafiya lau. Wani makanike ya ce babban famfo ne, a kwance shi a kai Kano. Akwai abin da zan iya dubawa da kaina a gida?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka bari a taɓa famfon nan, mai tura gazuwal zuwa cikin silinda, tukuna. Motar da ke zuwa Dakoro da lodi ta dawo ba ta yi tari ba, da wuya a ce famfonta ya mutu. Famfon da ya gaji ya fi nuna halinsa in inji ya yi zafi: ka kashe ta a tasha, ka zo tayarwa ta ƙi. Taka kuwa da sanyin safiya take gardama.

Injin motarka shi ne 1HZ, silinda shida, lita 4.2, wanda Toyota ta fara yi a 1990. Babu kwamfuta a cikinsa, shi ya sa mai mota zai iya gano cutarsa da ido da kunne. Injin gazuwal ba ya amfani da tartsatsi. Iska yake matsewa fiye da ninki 20 har ta ɗauki zafi, sai a fesa mata gazuwal ya kama da kansa. Da asubar Disamba da Janairu ƙarfe ya kwana cikin ɗari, yana shanye zafin nan, don haka aka sa wa kowace silinda bujin ɗumamawa, wanda wasu makanikai ke kira hita. Farin hayaƙin da kake gani, in yana yajin ido yana warin ɗanyen mai, gazuwal ne da ya shiga bai ƙone ba. Ke nan mai yana zuwa, zafi ne babu.

Fara da bujin. Za ka ga siririn ƙarfe ya bi ta kansu su shida ya haɗe su. Kashe mota, kwance ƙarfen. Sami ƙwan fitilar mota mai waya biyu, ka ɗaura waya ɗaya a kan batir wajen alamar tarawa, ɗayar ka riƙa dangwala ta a kan kowane buji. Wanda ƙwai ya kama a kansa yana da rai, wanda bai kama ba ya ƙone. Biyu kacal in suka mutu sun isa su wahalar da kai. In duka shida suna da rai, mayar da ƙarfen, ka sa ƙwan tsakaninsa da jikin inji, yaro ya murza makulli zuwa inda fitilun gaban direba ke kamawa. In ƙwan bai haska ba, wuta ce ba ta isowa, sai a bi fiyus da rile, wato makunnin da ke sakar wa bujin wuta. Wajen saye ka tafi da tsohon a hannu, domin cikin motocin nan akwai masu wutar batir bolt 12, akwai masu 24, kuma bujinsu ba ɗaya ba ne. Wajen kwancewa kuma a hankali. Ka ɗiga masa mai ya kwana, don in ya karye a cikin kan inji, aikin ya fi ƙarfin gida.

Abu na biyu, wanda na fi yawan cin karo da shi a tsofaffin motocinmu, iska ce a hanyar mai. Tiyo ya sha rana ya tsattsage, tsagar ba ta kai ta ɗigar da mai ba, amma tana zuƙar iska. Cikin dare gazuwal ya sulale ya koma tanki, da safe famfo sai ya jawo shi daga farko. Gwajin ba ya cin ko dala. A saman filtar gazuwal akwai wani maɓalli da ake dannawa da hannu. Gobe da safe, kafin ka taɓa makulli, danna shi. In ka ji shi lagwai-lagwai, sai ka danna sau da yawa kafin ya yi tauri, sa'an nan motar ta tashi bugu ɗaya, to ka kama ɓarawon. Sauran aiki neman ƙofar da yake shigowa: sa guntun farin tiyo mai nuna ciki tsakanin filta da famfo, ka tada mota ka zuba ido. Za ka ga kumfa na wucewa ɗaya bayan ɗaya kamar tsakiyar carbi. Duba robar bakin filta, da maɓallin kansa don shi ma yana tsufa, da tiyon da ke mayar da rarar mai tanki.

Tunda hannunka na wurin, sassauta abin tsiyaya da ke gindin filta, ka tara kwalba. In kana shan man durum a bakin hanya, kada ka yi mamakin ganin ruwa ya kwanta a ƙasa, gazuwal na bisa. Ruwan nan shi ne ainihin mai kashe famfo.

Saurari kukan tayarwa ma. In inji na juyawa a kasalance, goge kawunan batir da wayar da ke haɗe da jikin mota, a kuma gwada batir ɗin. Kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 15, bar shi ya huta tsakani.

Roƙona guda: tsumman fetur da wasu ke karawa a bakin shaƙar iska, ka hana a yi wa motarka. Yana kamawa tun lokaci bai yi ba, ya bugi fistan, ga kuma buji ja wur a ciki. Haka nan in an sassauta bututun da ke kai mai nozul, wato bakin da ke fesa gazuwal cikin inji, kada kowa ya kai yatsa, ƙarfin feshin yana huda fata.

In duk waɗannan sun fita lafiya, bar ta ta yi zafi, tana aiki a tsaye, ka buɗe murfin baƙin mai ka ɗora shi a bakin ba ka ɗaure ba. Ɗan huci ba komai ba ne. In kuwa murfin na tsalle, hayaƙi na bulbulowa, inji ya sha ƙura zobban fistansa sun cinye, matsi ya ragu. Farin hayaƙin da ba ya ɗaukewa bayan mota ta yi zafi, ruwan lagireto kuma yana raguwa kullum, wannan maganar kan inji ce. A nan ne za ka nemi makanike ya auna matsin kowace silinda, ya kai nozul shida a gwada feshinsu. Sai sun tsira za a zo kan famfo, kuma ranar da za a kwance shi, a canza bel ɗin taimin gaba ɗaya in ya kusa kilomita 100,000, tunda dole a cire shi.